Filin Mai Gyara: In Ƙara wa Tsohuwar Laftof Kaya Ko In Haƙura da Ita?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan bakinsu ɗaya, duk a kan tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka ne, sai na zaɓi huɗu. Ina da roƙo ga masu aiko da tambaya: a riƙa juya kwamfutar a karanto min cikakken sunanta da lambarta. Kamfani ɗaya yana da ɗaruruwan samfura, kuma amsar da ta dace da wannan tana iya jawo wa mai waccan asara.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Zariya. Ina da HP EliteBook 840 G3 da na saya ta hannu shekara biyar da suka wuce. An rubuta Core i5-6300U, RAM 4GB, ma'ajiya 500GB. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, nake haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, wani lokaci in shiga taro ta Zoom. Yanzu in na kunna ta, sai ruwan shayina ya tafasa kafin ta gama buɗewa. Ga shi tana nuna min ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Maigidana ya ce a sayar a cika kuɗi a sayo sabuwa a kwali, har ya ga wata mai Celeron da ba ta yi tsada ba. Me ka gani?

Amsa: Malama, kada ki sayar da ita tukuna, kuma don Allah ki roƙi maigida ya dakata da maganar mai Celeron ɗin nan. Irin kwamfutarki ta sha wucewa ta teburina, na san cikinta sarai. Ta fito ne a 2016, an yi ta don ma'aikatan manyan ofisoshi, kuma an yi ta yadda za a kwance murfin ƙasa a canza mata kaya. Firosesan da ke cikinta, wato abin da ke sarrafa duk ayyukan kwamfutar, duk da shekarunsa, ya fi na yawancin ƙananan Celeron da ake sayarwa a kwali ƙarfi. Kina iya fitar da kuɗi ki kawo sabuwa gida, bayan wata biyu ki tarar ta fi tsohuwar nawa.

Kafin ki kashe ko sisi, ga abin da nake so ki gani da idonki. Ki kunna ta, in ta buɗe ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Wani allo mai suna Task Manager zai fito. Ki shiga sashen Performance, za ki ga CPU (firosesa), da Memory (RAM), da Disk (ma'ajiya), kowanne da kasonsa cikin ɗari. Ki buɗe Excel ɗinki da Chrome kamar yadda kika saba, ki zuba ido na minti biyar. Ina kyautata zaton za ki ga Disk ya kafe a 100, Memory ya kusa cika, shi kuwa CPU yana ƙasa yana jira a ba shi aiki. In haka kika gani, to kwamfutarki ba tsufa ke damunta ba, ma'ajiyarta ce ta riƙe mata ƙafa.

Ma'ajiyar 500GB da ke cikinta, bisa ga alamun da kika faɗa, irin ta da ce da ake kira HDD. A ciki akwai faifai na gaske yana juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai kai da kawowa a kansa yana neman bayanai, kamar allurar garmaho. Windows kuwa idan zai tashi dubban ƙananan fayiloli yake nema a warwatse, kowanne sai hannun nan ya je ya lalubo shi. Sabuwar irin ma'ajiyar da ake kira SSD kuwa ba ta da wani abu mai motsi. Inda faifan da ke juyawa ke kawo kusan MB 100 a daƙiƙa, SSD irin na SATA yana kawo kusan 500, kuma a wajen lalubo ƙananan fayiloli tazarar ta ninka haka nesa ba kusa ba. Kwamfutar da ke cin minti uku ko huɗu kafin ta tashi takan dawo ƙasa da rabin minti. Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba: ke da kike ɗaukar ta a jaka ki hau babur ko A Daidaita Sahu zuwa makaranta, SSD ya fi jure girgiza da buguwa.

Don haka abu na farko SSD ne, mai 256GB ya ishi aikinki, in da hali 512GB. Kwamfutarki tana da gurbin mai inci 2.5 inda tsohon faifan yake, tana kuma da siririn gurbin M.2, na wani irin ƙaramin SSD. Wanda ya fi sauƙi shi ne a cire tsohon a sa SSD mai inci 2.5 a wurinsa. Tsohon faifan kuma kada ki bar wa mai gyara. Hotunanki da sakamakon 'ya'yan mutane suna ciki. Ki sayi ɗan gidan da ake saka shi mai wayar USB, ya zama ma'ajiyarki ta waje.

Abu na biyu RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abubuwan da kike aiki da su a lokacin. 4GB ya yi kaɗan a yau, Chrome kaɗai da shafuka shida ko bakwai zai lashe shi, kuma da zarar ya cika sai Windows ya fara aron wuri a faifan nan mai nawa, nawa ta haɗu da nawa. Kwamfutarki tana da gurbi biyu na RAM irin DDR4. A nan Task Manager, ƙarƙashin Memory, zai nuna miki ko gurbi ɗaya ne a cike. In ɗaya ne, ki ƙara 4GB ya zama 8, ya wadatar da Excel da Word da Zoom. In kuɗin abu ɗaya kawai kike da shi wannan watan, SSD za ki fara saya, RAM ya jira albashi na gaba.

Sai gargaɗi, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Akwai jabun SSD a kasuwa. An taɓa kawo min wata kwamfuta da aka sa wa SSD mai rubutun 1TB, an saye shi da araha mai ban mamaki. Mai ita ɗalibi ne, ya zuba aikinsa na kammala karatu a ciki. Windows yana nuna 1TB, amma ainihin wurin da ke ciki ɗan kaɗan ne, da ya cika sai sababbin fayiloli suka riƙa hawa kan tsofaffi suna lalata su. Na yi iya ƙoƙarina, babi biyu ba su dawo ba. Har yau in na tuna fuskar yaron nan raina yana ɓaci. Ki nemi sanannen suna irin Samsung, Crucial, Kingston ko WD, a wurin mai shagon da za ki iya komawa gobe, ki karɓi rasit. Su ma waɗannan sunayen ana buga su a jikin jabu, shi ya sa za ki ce a sa shi a gabanki, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ki ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. In an ce sabo ne amma ya nuna dubban awanni, kin san abin da aka miƙo miki. In farashin ya yi ƙasa da na sauran shaguna sosai, ki bar shi. Araha ba ta ado.

Ki kuma nemi a zuba miki Windows sabo fil a kan SSD ɗin maimakon a kwafo tsohon da tarkacen shekara biyar. In Windows ɗinki na asali ne mai lasisi, zai gane kwamfutar ya kunna kansa da zarar kin hau intanet, muddin irin wanda ke kai aka sake zubawa, Pro ko Home. Amma kafin kowa ya taɓa sukurudireba, ki kwafe fayilolinki a filashi da hannunki. Kuma kada ki kai ta gyara ana saura kwana uku jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki bari sai an yi hutu.

Yanzu maganar Windows 11, wadda ita ce gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba. Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma, in ban da 'yan kaɗan, yana neman firosesan Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD, tare da abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Yadda ake gane zubi a irin waɗannan kwamfutoci shi ne lambar farko bayan i5: taki 6300U ce, zubi na shida ke nan. SSD da RAM ba za su canza wannan ba, firosesan kuma an liƙa shi da darma a jikin bod, wato babban farantin da kayan cikin kwamfuta ke kai, ba ya ciruwa.

Wannan ba ya nufin kwamfutar za ta mutu. Word da Excel za su ci gaba da buɗewa. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da masu kutse ke ganowa. A 2025 Microsoft ta buɗe shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda a lokacin ta sa ƙarshensa ga masu amfani na gida a 13 ga Oktoba, 2026, ana shiga ta sashen Windows Update da asusun Microsoft, in Windows 10 ɗin sigar 22H2 ce. Masu gyara da yawa za su ce miki suna iya tura Windows 11 ta bayan gida da manhajar Rufus. Gaskiya ne, yana hawa, kuma a kan irin taki yana tafiya lafiya, na sa wa mutane da dama. Sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba, kuma duk lokacin da babbar siga ta fito sai an sake komawa wurin mai gyara. In kin yarda da wannan sharaɗin da saninki, ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa wa mutum ba a gaya masa ba.

Ga lissafin da za ku zauna ku yi ke da maigida, tunda fagenki ne. Ki tambayo kuɗin SSD da RAM da ladan aiki, ki haɗa da batir in naki ya mutu. Sannan ki tambayo kuɗin EliteBook 840 G5, ko Dell Latitude 7490, ko ThinkPad T480 ta hannu mai tsabta. Duk ukun ana samun su da i5 zubi na takwas, mai ƙwaƙwalwa huɗu inda taki ke da biyu, kuma suna ɗaukar Windows 11 ta ƙofar gaba. Ki tabbatar lambar firosesan ta fara da 8, don akwai waɗanda suka zo da zubi na bakwai a jiki iri ɗaya. In gyaran bai kai rabin kuɗin waccan ba, ki gyara, ki more ta shekara biyu ko uku kina tari a hankali. In allo ya fashe, hinji ya karye, batir ya mutu, kibod yana tsallake haruffa, har jimillar ta haura rabi, to a sayar a cika. A yadda kika bayyana ta, nawa ce kaɗai matsalarta, ni gyara na zaɓa miki.

Tambaya: Ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Bauchi, aji uku. Ina da HP Folio 9470m. An fara ba mu aiki da AutoCAD da Revit, tana tsayawa cak. Abokina ya ce in sa mata RAM 16GB da SSD za ta yi. In sa?

Amsa: Ƙanena, a'a. Ban so in faɗa maka haka ba, don na san yadda kuɗi ke wuya a hannun ɗalibi, amma Folio 9470m ta 2012 ce, zubi na uku, firosesanta irin mai tsimin wuta ne da aka yi don rubutu da imel. Ba ta da katin hoto na daban, Intel HD 4000 ne a cikin firosesan, kuma duka biyun ba sa canzuwa. RAM da SSD za su sa ta buɗe da sauri, amma da ka fara juya gini mai hawa uku a Revit za ta koma inda take. Ciwon Malama ta Zariya yana wurin da ake iya canzawa, naka yana wurin da ba a iyawa.

Kuɗin da za ka zuba mata ka riƙe. Ka sayar da ita ga mai buƙatar buga takardu, ka nemi ta hannu cikin waɗanda aka ƙera don irin aikinku: HP ZBook 15 G5, Dell Precision 7530 ko ThinkPad P52, wadda ke da katin NVIDIA Quadro, da RAM 16GB. Suna da nauyi, cajarsu ma kaya ce, kuma batirinsu ba ya daɗewa a kan aiki mai nauyi, ka sa wannan a lissafi tunda ka san halin wuta a hostel. Ranar saye ka tafi da fayil ɗin aikinka mafi nauyi a filashi, ka buɗe shi a shagon ka juya shi minti goma. Ka kuma shiga BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba.

Tambaya: Na saya wa 'yata HP Stream, kullum tana cewa wuri ya cika alhali ba mu sa komai ba. Za a iya ƙara mata? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, yawancin irin wannan ma'ajiyarsu 32GB ce ta eMMC, a liƙe take da bod, kuma Windows kaɗai ya cinye mafi yawanta. Ba laifin yarinyar ba ne. Ki saya mata katin memori mai kyau ta riƙa ajiye hotuna da takardu a kai, sannan ki tambayi mai gyara ko ChromeOS Flex na Google ko Linux mara nauyi, wato tsarin da ake sawa a madadin Windows, zai hau kanta, don sun fi Windows ƙarancin cin wuri. Ban da wannan kada ki kashe mata kuɗi.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Maraɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar min Lenovo ThinkPad T430. Windows 7 ce a kai. Tana zafi sosai, fanka tana ƙara, wani lokaci ta mutu da kanta, kwanan wata kuma kullum sai ya koma baya. Akwai rubuce-rubucensa da hotunan iyali a ciki. Ba na son rabuwa da ita. Akwai abin yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Akwai abin yi, ɗan'uwa, amma akwai wanda ya riga komai. Yau ɗin nan, kafin ka sake kunna ta don wani aiki, ka kwafe rubuce-rubucen nan da hotunan a wuri biyu daban: filashi ɗaya a hannunka, wani kwafin a wurin wani ɗan'uwa ko a Google Drive. T430 ta 2012 ce. In faifan da ta zo da shi ne a ciki, ya haura shekara goma yana juyawa, kuma mutuwar da take yi ba zato ita ce abin da ya fi cutar da irinsa. In ka ji yana ƙas-ƙas, ko kwafin yana tsayawa, ka kashe ta, ka kai wa wanda ya iya ya ciro faifan ya kwafa ta wata kwamfutar. Komai na jikin kwamfutar nan ana samun madadinsa a kasuwa, ban da abin da Baba ya rubuta.

Zafin kuwa na san shi. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru takan taru a bakin fanka ta zama kamar auduga, iska ta kasa fita, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ma ya bushe ya zama gari. Sai bazara ta zo da zafinta na Afrilu, kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. A buɗe ta a share, a goge tsohon man a sa sabo. Aikin awa ɗaya ne, kuma shi ne mafi arahar gyaran da ke ƙara wa kwamfuta kwana a ƙasarmu. Ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, ramukan iskarta a ƙasa da gefe suke. Kwanan watan da ke komawa baya kuma ɗan ƙaramin batir ne mai kamar kwabo a ciki ya ƙare, a canza shi lokaci guda. Babban batirin nata daga waje ake zare shi. In ka ga ya kumbura ko yana zafi fiye da kima, ka cire shi ka yi aiki da caja kafin ka samu wani.

Bayan haka ka sa mata SSD mai inci 2.5, ka kai RAM 8GB. Nata DDR3 ne, DDR4 ba ya shiga gurbinsa, kada a sayar maka da shi. Windows 7 kuwa tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Janairu, 2020, Chrome ma ya tsaya masa a siga ta 109, don haka bai kamata ka shiga banki ko imel da shi ba. Ga irin wannan na fi son Linux Mint. Kyauta ne, siga ta 22 tana da tallafi har 2029, fuskarsa ta yi kama da Windows 7 ɗin da ka saba, yana da Faransanci, kuma yana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Amma ka sani CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta ba su da sigar Linux, in da su kake cin abinci ka sake aiko min mu duba wata hanya. Ana iya gwada Mint daga filashi ba tare da an goge komai ba, ka ga ko Wi-Fi da sauti da firintarka suna aiki.

Tsohon faifan Baba kada a goge shi, kada a zuba komai a kansa. A zuba sabon tsarin a kan SSD, shi kuma ka naɗe shi ka rubuta sunansa a jiki, ka ajiye inda zafi da damshi ba sa kaiwa.